Ƙwayoyin hanji da tsufa: da gaske suna da hannu a tsawon rai?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani a taimaka min. Kwanan nan wata talla ke ta yawo a Facebook, ta wani kafso da suka ce yana ɗauke da "ƙwayoyin hanji irin na masu shekara ɗari", wai duk wanda ya jure shansa tsufa zai zo masa a hankali. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Yayana yana so mu haɗa kuɗi mu saya wa Hajiyarmu, don tun bara ƙarfinta ke raguwa, cin abinci ma ya ja baya. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar nan ko kuwa cin kuɗin mutane ne?

Alhaji Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. 'Yata, kwana na Allah ne. Babu kafson da zai ƙara wa mutum daƙiƙa ɗaya a kan abin da aka rubuta masa. Ku riƙe kuɗinku ku saya mata nama da madara.

Dakta Bashir: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, ku dakata da sayen tukuna. Tambaya biyu kika haɗa wuri ɗaya. Ko ƙwayoyin da ke hanji suna da alaƙa da yadda mutum ke tsufa? E, akwai alaƙa, kuma bincike na gaske ya nuna ta. Ko ana iya sayen wannan a kwalba? A nan babu hujja. Ba a taɓa gwada wani kafso a kan mutane aka ga ya tsawaita rayuwarsu ba.

Bari in ɗan yi shimfiɗa. Babban hanjin kowane mutum cike yake da ƙananan halittu, yawancinsu bakteriya. Lissafin da masana suka fitar a 2016 ya kai su kusan tiriliyan 38 a jikin baligi, nauyinsu duka bai wuce kamar gram 200 ba. Mafi yawansu ba cuta suke kawowa ba, aiki suke yi mana. Akwai sashen abinci da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin dusar hatsi, bawon wake da harzar ganye, abin da muke kira fiba. Idan ya isa babban hanji sai su cinye shi su fitar da wasu sinadarai. Ɗaya daga ciki, butiret, shi ne babban abincin fatar da ta lulluɓe hanji daga ciki. Suna kuma koya wa garkuwar jiki bambanta aboki da maƙiyi, sannan suna cike gurbi ta yadda mugun ƙwaya ba ta samun wurin zama.

Idan shekaru suka ja, wannan fata takan yi rauni, ɓurɓushin ƙwayoyi su riƙa tsallakawa cikin jini, garkuwar jiki ta kasance kullum a tashe. Wani ɗan kumburi ne da ba a gani ba a ji, amma ana danganta shi da ciwon suga, ciwon zuciya da zaizayewar tsoka.

Maman Ilham: Na gode Dakta. To amma wanne ne ya fara? Tsufan ne ke ɓata ƙwayoyin, ko ƙwayoyin ne ke jawo raunin?

Malama Rabi Samaru: Wannan tambaya ita ce zuciyar maganar, kuma ita masu talla ke tsallakewa. Fannin ƙananan halittu nake koyarwa, don haka bari in sa baki.

Binciken da ya fi kusa da halin da Hajiya ke ciki an yi shi ne a birnin Kok na ƙasar Ayalan, ya fito a 2012. Sun duba tsofaffi 178. Wasu suna zaune a gidajensu, wasu suna zuwa asibiti su koma, wasu kuma an ajiye su a gidajen kula da tsofaffi na dindindin. Na gida suna cin abinci iri-iri, da ganye da 'ya'yan itace da hatsi. Na gidan kulawa abincinsu ya taƙaita, mai laushi ne, mai maiƙo da zaƙi, fiba kaɗan. Da aka duba bayan gidansu, na gidan kulawa nau'o'in ƙwayoyinsu sun ragu sosai, kuma su ne suka fi rauni, suka fi alamun kumburi a jini.

Ga abin da ya fi muhimmanci a ciki. Wanda aka kai gidan kulawa, abincinsa kan koma irin na can cikin kamar wata ɗaya, amma ƙwayoyin hanjinsa sai sun ɗauki kusan shekara kafin su zama irin na mazauna wurin. Wato abinci ne ke fara sauyawa, ƙwayoyi su biyo baya. Wannan bai tabbatar da cewa ƙwayoyin ne kaɗai suka jawo raunin ba, don wanda aka kai irin wannan gida dama ba shi da cikakkiyar lafiya. Amma ya nuna inda hannunmu zai iya kaiwa.

Mu ba mu da gidajen ajiye tsofaffi sosai, alhamdu lillahi, amma abin da ke faruwa a can yana faruwa a ɗakunanmu. Haƙora sun zube, tuwon dawa da dambu sun gagara, sai a koma shayi da burodi da safe, farar shinkafa da rana, taliya da dare. 'Ya'ya suna ganin gata suke yi. Maman Ilham, me Hajiya ke ci a yini?

Maman Ilham: Wallahi Malama kamar kina gidanmu. Shayi da burodi, wani lokaci kunun kwali. Da rana 'yar shinkafa cokali kaɗan. Ta ce wake yana kumbura mata ciki, zogale kuma ba ta iya taunawa.

Dakta Bashir: Kafin komai a kai ta a duba ta. Tsoho da cin abincinsa ya ragu, ƙarfi ya ragu, musamman in yana ramewa, ba a cewa tsufa ne kawai a zauna. A auna suga, a auna jini, a duba ƙirji, a duba baki da haƙora, a tambayi yadda bayan gidanta yake, ko akwai jini. A kawo duk magungunan da take sha likita ya gani. Damuwa da kaɗaici ma suna hana tsoho cin abinci.

Alhaji Ɗanjuma: Dakta, ban ƙi maganarka ba. Amma kakana a ƙauye ya yi shekara ɗari da ashirin, bai san wata bakteriya ba, bai taɓa shiga asibiti ba. Fura da nono da tuwo miyar kuka, shi ke nan. Yanzu da ilimi ya yi yawa sai ga ɗan shekara arba'in da hawan jini.

Malama Rabi Samaru: Allah Ya jiƙansa, Baba Alhaji. Rabin maganarka ina tare da kai, kuma zan dawo kanta. Amma a kan shekarun, da girmamawa nake faɗa, mutanen da ba a rubuta ranar haihuwarsu, lissafi ake yi da sarautar wani sarki ko shekarar fari. A duniya duka, wadda aka tabbatar da takarda ta fi kowa daɗewa ita ce Jeanne Calment ta Faransa, shekara 122, ta rasu a 1997. Ko Japan da ake misali da ita, a 2010 da gwamnati ta binciki rajista sai ta ga sama da mutum 230,000 da aka rubuta sun haura ɗari ba a san inda suke ba, da yawa sun daɗe da rasuwa ba a goge sunansu ba.

Sannan mu tuna, tsofaffin da muka gani su ne waɗanda suka tsira. Sa'o'insu nawa ƙyanda da gudawa da zazzaɓi suka ɗauke tun suna goye? Ƙauye yana da abinci mai kyau ga hanji, amma yana da ruwan da ke kashe jarirai.

Ustaz Nura: Ina so in ce wani abu kan maganar Alhaji ta farko. Ajali a hannun Allah yake, babu musu. Amma riƙon sababi ba ya karo da ƙaddara. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani, kuma a Bukhari ya zo cewa wanda ke son a yalwata masa arziki a jinkirta masa ajali to ya sada zumunci. A Tirmizi kuma akwai hadisin da ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri ba irin cikinsa, in ya zama dole to kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Sai dai maganar nan da ake yawan yaɗawa cewa "ciki shi ne gidan cuta", malamai sun ce ba hadisi ba ce, ana jingina ta ga likitan Larabawa Harisu ɗan Kalada. Masu sayar da magani suna yawan kawo ta a matsayin hadisi, a kiyaye.

Kuma ni a fahimtata, abin da ake nema ba ƙarin kwana ba ne. Ana nema ne tsoho ya iya tashi ya yi alwala da kansa, ya je masallaci da ƙafarsa har zuwa lokacin da aka rubuta masa.

Alhaji Ɗanjuma: In haka ne ba mu da saɓani, Malam. Allah Ya ba mu tsufa mai amfani.

Sadik Injiniya: Ni na taɓa karanta wani abu kan kifi da aka sa wa ƙwayoyin hanjin matashin kifi ya daɗe bai mutu ba. Gaskiya ne? In gaskiya ne me ya hana a yi wa mutane?

Malama Rabi Samaru: Gaskiya ne, Sadik. Wani ɗan kifi ne da ke rayuwa a kududdufan damina a Zimbabuwe da Mozambik, 'yan watanni kawai yake yi a duniya, shi ya sa masu binciken tsufa ke sonsa. A wata cibiyar Max Planck da ke Kolon a Jamus, a 2017, suka ɗauki kifaye masu matsakaicin shekaru, suka kashe ƙwayoyin cikinsu da magani, sannan suka bar su su ci abin da aka fitar daga hanjin matasan kifaye irinsu. Tsawon rayuwarsu ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100, kuma suka ci gaba da kuzari irin na ƙuruciya. An yi makamancin haka a ɓeraye. A Sifen, a 2019, ɓerayen da ke da cutar saurin tsufa sun ƙara daɗewa bayan an dasa musu ƙwayoyin lafiyayyu. A Kanada kuma an ga ɓerayen da aka raina babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsu ba sa samun kumburin tsufan da Dakta ya ambata, amma da aka haɗa su keji ɗaya da tsofaffin ɓeraye na yau da kullum sai kumburin ya bayyana.

Waɗannan su ne hujjar da ke nuna ƙwayoyin suna iya zama sababi, ba alama kaɗai ba. Amma kifi ne da ɓera, a keji, abinci iri ɗaya, jini iri ɗaya. Mutum shekara saba'in yake yi yana cin abin da ya samu.

Dakta Bashir: Sadik, ana yi wa mutane, amma don cuta guda. Akwai wata ƙwaya, Clostridioides difficile, da ke mamaye hanji bayan an sha antibayotik da yawa, ta jawo gudawa mai tsanani da kan kashe tsofaffi. In ta yi ta dawowa, ana dasa wa majiyyaci ƙwayoyi daga bayan gidan lafiyayyen mutum da aka tantance, kuma yana aiki sosai. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan magani a 2022 da 2023. Amma ita ce kuma ta fitar da gargaɗi a 2019 bayan wani majiyyaci ya rasu saboda abin da aka dasa masa yana ɗauke da ƙwayar da ba ta jin magani. Don Allah kada wani ya ga bidiyo ya ce zai gwada a gida.

Issoufou Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan Nijar tsoho in bai sha fura ba kamar bai ci komi ba a wunin. Na ji ana cewa nono mai tsami shi ne asalin wannan zance duka. Haka ne?

Malama Rabi Samaru: Haka ne Malam Issoufou. Wani masani ɗan Rasha, Élie Metchnikoff, da ya yi aiki a Cibiyar Pasteur ta Faris kuma ya samu kyautar Nobel a 1908, shi ya fara yayata ta. Ya ji labarin cewa manoman Bulgeriya suna daɗewa, kuma suna shan madara mai tsami kullum, sai ya ce ƙwayoyin da ke tsamar da madarar ne ke danne masu ruɓar da abinci a hanji. Shi kansa ya riƙa sha kullum. Ya rasu a 1916 yana da shekara 71. Hasashensa yana da tushe, amma ƙidayar shekarun manoman ba ta da takarda, irin matsalar da na faɗa ɗazu.

Na kusa-kusan nan, akwai María Branyas ta Sifen, wadda ta rasu a 2024 tana da shekara 117. An bincike ta tana raye, aka ga hanjinta cike da Bifidobacterium, nau'in da yawanci ke raguwa da tsufa, kuma tana shan yogot sau uku a rana. Masu talla sun kama wannan labari sosai. Amma mace ɗaya ce, kuma binciken ya nuna ta gaji ƙwayoyin halitta daga iyaye, ba na hanji ba, masu kare zuciya da ƙwaƙwalwa.

Wanda ya fi ƙarfi a wurina shi ne na Jami'ar Stanford a 2021. Mutum 36, mako goma. Rabi aka ƙara musu abinci mai tsami irin su yogot da ganyen da aka tsima, rabi aka ƙara musu fiba. Masu cin mai tsami nau'o'in ƙwayoyinsu suka ƙaru, sinadaran kumburi 19 suka ragu a jininsu. Masu fiba ba a ga ƙaruwar nau'o'i ba a wannan ɗan lokaci, kuma masu binciken suna ganin wataƙila mutanen birni sun riga sun rasa ƙwayoyin da ke iya cinye fibar.

Buba Ɗan Ardo: A kan nono bari in faɗi abin da na sani, don a rugarmu ake yi. Kindirmo ana tafasa madara, ta huce, a zuba ɗan tsohon nono a ciki ta kwana. Amma akwai masu barin ɗanyar madara ta yi tsami da kanta ba tafasawa. Kuma a kasuwa wasu suna ƙara ruwa da garin kuka don ya yi kauri. Kukar ba matsala ba ce, ruwan ne ba ka san daga ina aka ɗebo ba. Wanda zai saya wa tsoho ya nemi wadda ya sani, ko ya sayi madara ya tafasa ya yi da kansa.

Dakta Bashir: Allah Ya saka, Buba. Wannan magana ta fi ta kafson muhimmanci. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale, wani zazzaɓi da ake ɗauka daga dabbobi, kuma tsami ba ya kashe su duka. Tsoho garkuwarsa ta yi rauni, gudawar da saurayi zai warke cikin kwana biyu shi tana iya kwantar da shi.

Abdul Zango Kumasi: Mu a nan koko da ƙosai ne kowace safiya, har mutanen Gana suna ce masa Hausa koko. Shi ma ai gero ne da aka tsima. Yana cikin lissafi?

Malama Rabi Samaru: Yana da amfani, amma a bambanta. Koko ana dama shi da tafasasshen ruwa bayan ya yi tsami, don haka yawancin ƙwayoyin sun mutu kafin ka sha. Haka daddawa, tana dahuwa a miya. Tsimawar tana sa abincin ya fi narkewa, jiki ya fi samun ƙarfe daga ciki, amma ƙwayoyi masu rai sai a abin da ba a sake ɗora shi a wuta ba, irin nono da kindirmo. Kuma in an tace gasara sosai an zubar da dusa, an zubar da abincin ƙwayoyin. Yogot na leda kuwa, da yawa sukari ya fi komai yawa a ciki.

Yanzu in koma kan rabin maganar Baba Alhaji da na ce ina tare da shi. A 2010 wasu masu bincike daga Italiya suka kwatanta yaran ƙauyen Bulpon a Burkina Faso da yaran birnin Fulorans. Abincin yaran Burkina shi ne namu: gero, dawa, wake, ganye. Aka ga suna da nau'o'in ƙwayoyi da yawa, har da masu narkar da harza waɗanda babu su sam a yaran Italiya, kuma sinadaran nan masu ciyar da hanji sun fi yawa a cikinsu. Mutanen Hadza na Tanzaniya, masu rayuwa da farauta da tsintar 'ya'yan itace, suna cin fiba kusan gram 100 a rana, kuma ɗan kuka yana cikin manyan abincinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya gram 25 take roƙon baligi ya samu, mutanen birane da yawa ba sa kaiwa. A nan gida ma, a 2018 an wallafa binciken da ya kwatanta wani ƙauyen Bassa a yankin Abuja da mazauna birane, aka ga hanjin mutanen birni ya fara barin irin na ƙauye.

Akwai kuma gwajin da na fi so in ba ɗalibai. A 2015 aka ɗauki baƙaƙen Amurka 20 a Pitsbag da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20, aka musanya musu abinci na mako biyu kacal. Amurkawan da suka koma cin masara da wake da ganye, butiret ɗinsu ya ninka fiye da biyu, alamun haɗarin sankarar hanji suka ragu. 'Yan Afirkan da aka ba soyayyen nama da abinci mai maiƙo mai ƙarancin fiba, nasu ya juya ta ɗaya ɓangaren. Abin da ke min ciwo shi ne mu da ƙafarmu muke tafiya zuwa inda su suke neman hanyar fita, har muna kiran tuwon dawa abincin talaka.

Sista Hauwa: Ku yi haƙuri in kawo abin da nake gani a wurin aiki, don ina jin ya fi abinci ɓarna. Tsoho ya ce cikinsa na murɗa, sai jika ya ruga kemis a haɗo masa Flagyl da Ampiclox da ja-da-yalo, ba gwaji ba komai. Ya sha kwana biyu ya bari. Wata mai zuwa a sake. Ga kuma masu lasifika a kasuwa da tasha, kowace cuta basir ce, kowane ciki datti ne sai an wanke. Na sha karɓar dattijai da aka ba maganin wankin ciki suka yi ta zawo har jiki ya bushe, sai da ƙarin ruwa.

Dakta Bashir: Sista ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Antibayotik yana ceton rai in an ba da shi a inda ya dace, wanda likita ya rubuta wa ya sha ya kammala. Amma ba ya tantance mugu da nagari. A Denmak an ba samari 12 lafiyayyu haɗin antibayotik uku masu ƙarfi na kwana huɗu. Cikin wata ɗaya da rabi yawancin ƙwayoyin sun farfaɗo, amma bayan wata shida akwai nau'o'i tara da dukkansu suke da su tun farko waɗanda ba a sake gani ba a yawancinsu. Samari ke nan, sau ɗaya. Ka ƙiyasta tsohon da ake ɗirka wa sau biyar a shekara.

Hanji kamar gona yake. Wanda ke banka mata wuta kowane wata ba zai amfana da iri mai tsada da ya sayo ba. Kuma hanji ba ya tara wani datti da sai an wanke, yana sabunta fatarsa da kansa cikin 'yan kwanaki. Mai taurin bayan gida ruwa yake buƙata da ganye da motsa jiki, in ya ƙi a ga likita.

Sadik Injiniya: To in an sha antibayotik, ba sai a bi shi da kafson ba don a mayar da abin da aka rasa?

Malama Rabi Samaru: Akwai yanayin da likita kan ba da shi don rage gudawar da antibayotik ke jawowa, wannan daban. Amma a 2018 masu bincike a Cibiyar Weizmann sun ga waɗanda suka sha kafso bayan antibayotik ƙwayoyinsu na asali sun fi jinkirin dawowa a kan waɗanda aka bari jiki ya farfaɗo da kansa. 'Yan nau'o'in da ke kafson sun tare gurbin.

Kuma ita maganar "ƙwayoyin masu shekara ɗari", ga asalinta. A Japan, a 2021, ƙungiyar Kenya Honda ta Jami'ar Keio ta duba mutum 160 da matsakaicin shekarunsu ya kai 107. Aka ga suna da ƙwayoyin da ke sarrafa ruwan maɗaciya su fitar da wani sinadari mai kashe mugayen ƙwayoyi, har da mai jawo gudawar nan da Dakta ya ambata. A Bolonya ta Italiya ma an ga wasu nau'o'i, irin su Akkermansia, sun yawaita a 'yan shekara 105 zuwa sama. Amma wani bincike a Amurka da ya duba sama da mutum 9,000 ya gano cewa masu tsufa cikin lafiya, hanjin kowannensu yana ƙara bambanta da na kowa yayin da shekaru ke tafiya. Ke nan babu wani haɗi guda da za a ɗura a kwalba a ce ga na tsawon rai.

Maman Ilham: Na tura wa Yaya duk bayanan nan. Ya yarda mu fara kai ta asibiti. Amma a ba ni shawarar abin da mara haƙora zai iya ci.

Sista Hauwa: Faten wake da aka dafa ya yi lugub, a fara da cokali biyu uku, a riƙa ƙarawa a hankali, kumburin cikin yana raguwa in hanji ya saba. Jiƙa waken ya kwana a zubar da ruwan yana taimakawa. Zogale da alayyafo a yanka ƙanana a dafa cikin fate ko miya. Miyar kuka da kuɓewa ai ba sa son tauna. Tuwon dawa ko na gero mai laushi, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, alale, gwanda, ayaba, dafaffen dankalin Hausa. Fura da kindirmo mai tsafta. Ƙwai da kifi don tsoka. Ruwa a kai a kai, don tsoho ba ya jin ƙishi da wuri. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, suna lalata hanta. Kuma a zauna a ci tare da ita, tsofaffi sun fi ci in ba su kaɗai ba ne.

Issoufou Maraɗi: Dakta, mahaifina yana da ciwon suga, kuma ba ya rabuwa da fura. In hana shi?

Dakta Bashir: Kada ka hana shi gaba ɗaya, zai sha a ɓoye ko ya daina cin komai. Fura hatsi ce, tana ɗaga suga, musamman in an zuba sukari aka sha kwano guda. A rage yawan furar, a ƙara nonon, a cire sukari kwata-kwata, kuma a lissafa ta a matsayin abincin wannan lokaci, kada ya ci tuwo ya bi da ita. In kuna da na'urar awo, ku auna shi awa biyu bayan ya sha, ku rubuta na 'yan kwanaki ku kai wa likitansa. In kuma yana da matsalar ƙoda, kada a ƙara masa wake da ganye da nono sai likitan ya faɗi gwargwadon da zai ci.